Rasuwar 'Yar Jidda, da Abin da Za Ta Tafi da Shi a Cikinta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Kulsumu Namadi, maiɗakin Malam Rilwanu na bayan tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, nake sanar da dangi da abokan arziki na nan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi rasuwar kyamarata, wadda kuka fi sani da 'Yar Jidda. Ta rasu a Zurmi, a gidan surukaina, ranar kamun Nazifa, autar su Malam, bayan gajeriyar jinya. Ina roƙon a karanta wannan takarda a cikin gidaje, a kuma miƙa ta zaure maza su karanta, domin akwai maganar da ke yawo wadda nake son ta mutu tare da marigayiya.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko ya halatta in yi Inna lillahi a kan ƙarfe da gilashi. Ta ce ya halatta a kan kowace asara, babba ko ƙarama. To na yi. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, na san iyakata.

Malam ne ya zo da ita daga aikin Hajji, ta hannu ce, da ɗan tabo a kafaɗarta ta hagu. Baƙa ce, mai nauyi, ba ta cin fim, sai kati da batir. Tana da idanu uku da ake kwancewa a sauya mata: Dogo mai jawo nesa, Faffaɗa mai ɗaukar tsakar gida duka, da Gajere wanda ya fi kowa sanin fuskar mutum. Ba ta da surutu. In ta daidaita ganinta sai ta ce "tit-tit", in ta ɗauka ta ce "ƙyas", shi ke nan maganarta.

Ban taɓa neman abinci da ita ba, sha'awa ce kawai. Da Dogo na ɗauki raƙuman kasuwar Shinkafi ta tagar mota, da belbelu a bakin gulbi, da layin dogo inda ya zo ya ƙare a garinmu ciyawa ta rufe shi. Amma tun da aka ƙaddamar da Shari'a masu hoto maza suka daina kutsawa cikin mata a wurin biki, sai aiki ya sami marigayiya. Suna, kamu, walimar sauka, ko'ina ana aiko mini. Ta shiga ɗakunan da ko ƙanin miji ba ya shiga. Ta ga kitso, ta ga lalle har gwiwa, ta ga tsofaffi suna rawa, ba ta taɓa fitar da zancen kowa ba.

Ga yadda muke yi, kuma duk macen da ta taɓa tsayawa gabanta shaida ce. In an tashi daga biki, sai mu shige ɗaka mu rufe ƙofa, in kunna ɗan allon bayanta, kowace mace ta ga kanta. Wadda mayafinta ya zame ta ce a goge, in goge a gabanta. Sai abin da kowa ta yarda da shi ne Malam ke kaiwa Gusau a wanke. Wannan zama shi muke kira tacewa. Marigayiya ba ta taɓa kwana da hoton biki ba a tace ba, sai wannan karon.

Ciwon ajalinta ya same ta ana tsakiyar kamu. Na kwance Faffaɗa zan ɗaura Gajere don in ɗauki fuskar amarya, bakinta a buɗe ke nan, babu abin da ya kare cikinta. Sai na hango ɗana, wanda ya fara tafiya kwanan nan, ya nufi kaskon turaren wuta da hannu biyu a miƙe. Na dire ta a kan tabarma na yi kansa. Na kai gare shi, alhamdu lillahi, ko yatsa bai ƙone ba. A daidai lokacin matan dangin ango suka fara feshin nono da turare, kamar yadda aka saba. Da na juyo, farin ruwa na gangarowa daga bakinta. Na danna, ta ce "tit" sau ɗaya, allon ya yi duhu. Kada kowa ya zo yi mini jaje da cewa da na sani. Ko yau aka maimaita, haka zan dire ta.

Ina can ina rarrashin yaro, gwaggon Malam, Hajiya Zuhura, ta ɗauke ta da kyakkyawar niyya ta jingina ta da wannan kaskon dai. Da na zo ina salati ta ce, "Haba ɗiyata, mi na na abin kuka? Ai duk abin da ya jiƙe wuta ka gyara shi. Ko rediyon marigayi haka nika yi mai." Ƙofar da ake zaro kati ta narke ta manne. Katin yana ciki, da hotunan kamu gaba ɗaya, ba a tace ko ɗaya ba.

Malam ya kai ta wurin Chinedu mai gyaran rediyo da bidiyo, ni ina tsaye a bayansa ban bari ta bar idona ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Madam, wannan ya sha fura ya mutu." Ya ce ko ya fasa ta, zafi ya taɓa katin, ba zai karantu a Ƙaura ko Gusau ba. Akwai wani mutum a Kano mai kwamfutar da ke farfaɗo da irinsa, amma sai ya buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya ya duba wanda ya rayu. Na ce ba mace mai wannan aikin? Ya ce shi dai bai sani ba. Na amshe ta na sa a jaka muka dawo. Ina shaida wa kowa cewa Chinedu bai ga komai ba, babu ma abin da za a gani da shi.

Amma kafin mu iso gida labari ya riga mu. Aka ce an kai hotunan matan Zurmi shagon Inyamuri. Da ya isa Shinkafi ya zama wai ana sayar da su a faifai. A cikin waɗanda suka yi rawa a ranar akwai Suwaiba, ƙanwar Malam, yayar amarya, ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi, don murnar autarsu, a ɗakin da babu namiji ko ɗaya, na kuwa ɗauke ta a haka. Mijinta, Alhaji Mudi, ya zo har zaurenmu. Ina jin su ta bayan ƙyaure. Ya ce, "Malam Rilwanu, ni ban da faɗa da kai. Amma na riga na rantse gaban mutane: duk ranar da idon namiji ya sauka ga hoton nan, a bakin aurenta. Rantsuwa ta fita, ba ni iya maido ta." Malam ya ce ya yi gaggawa. Alhaji Mudi ya ce ya sani.

Tun ranar Suwaiba na Zurmi, an ce ta zauna gida sai an ga ƙarshen magana. 'Yarta da ba a daɗe da yayewa ba tana Shinkafi wurin kakarta, an ce ba ta cin abinci, tana bin ɗakuna tana leƙawa.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa ban yanke hukunci tun ranar farko ba, don masu cewa taurin kai ne. Katina biyu ne. Ƙaramin yana Gusau a ranar, sai na yi amfani da babban, wanda ba ya fita gidan nan. A cikinsa akwai hoton Innata, Allah ya jiƙanta da rahama. Duk rayuwarta ba ta yarda an ɗauke ta ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce ta ɗora jikanta a cinya ta ce, "To ɗauke ni da angona, sau guda. Amma kar in ji an rataye ni ga bango kamar kalanda." Na ɗauka da Gajere. Tana dariya, shi yana jan carbinta. Ba ta ga babbar salla ba. Na cika mata alkawari, ban kai an wanke ba, ina dai kunna allo in dube ta in na idar da sallar walaha. Ba ta da wani hoto a duniya, ko na katin zaɓe.

Malam ya ce in na so zai kai Kano a ɓoye, ba mai ji. Na yi kwanaki ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Amma rantsuwar ba ta ce in an ji ba, cewa ta yi in an gani. Mutumin Kano zai gani, aure ya mutu ko da mu kaɗai muka sani, mu bar Suwaiba ta koma ta zauna a haka. Inna tana inda hoto ba ya amfana mata komai. Yarinyar can ta Shinkafi kuwa uwarta take nema.

Marigayiya ta bar idanu uku, Dogo da Faffaɗa da Gajere, duk lafiyarsu ƙalau, na rufe su da murafensu, suna cikin jaka ba su da wanda za su gani dominsa. Ta bar batir biyu, da caja, da igiyar ratayawa wadda ɗana ya tauna gefenta, da ƙaramin kati guda. Ba na sayarwa ba ne, a daina aiko yara tambaya.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan la'asar, a tsakar gidanmu. Mata kawai. Duk wadda ta yi rawa a kamun Nazifa tana da hakkin zuwa, motar Zurmi za ta tashi daga ƙofar gidan surukaina da hantsi. Alhaji Mudi zai turo yayarsa ta zama shaida, shi da Malam su jira a zaure. Za a cire batir tukuna, Chinedu ya ja kunnena a kan haka. Sannan a sa ta a tsohon turmin da muka daina daka da shi, a rufa da buhu saboda tartsatsin gilashi. A goya ƙananan yara, manyan a bar su gida. Suwaiba ce za ta fara ɗaga taɓarya, sauran su biyo baya, ba za a tsaya ba sai an ga katin da ido ya zama gari. Abin da ya rage a haƙa rami mai zurfi bayan rumbu a binne, inda kaji ba za su tono ba. Daga nan Suwaiba ta bi yayar mijinta su kama hanyar Shinkafi, kada magariba ta same su a nan.

Ba a buƙatar kowa ta zo da abinci, ba za a yi zaman makoki ba. Ni ba zan taɓa taɓarya ba, kada a miƙo mini, kada kuma a ce in shiga ɗaki. Zan tsaya kusa da turmin da ɗana a baya har a gama.

Kulsumu Namadi,
a madadin iyalan Malam Rilwanu,
Ƙauran Namoda.