Gadon da Na Raba da Raina

Wata Laraba ina wanka, hannuna ya ci karo da ƙullutu a cinyata, kamar ƙwan zabuwa a ƙarƙashin fata. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, in na taɓa sai ya zille. Ni da na haddace littafin kiwon lafiya a makaranta, me zan nema wurin likita? Nan take na yanke wa kaina hukunci: ba zan ga damina ba.

Kunya ta hana ni nuna wa kowa cinya, sai na shiga shiri a natse. Na tsara baitocin bankwana masu sa kuka. Na ba ƙanwata Ladi atamfata ta Sallah, na ba Goggo 'yan kunnena na zinariya.

Inna ce ta kama ni ina auna alawayyon likkafani da tsawona. Ta saki salati, ta aika a kira maƙwabciyarmu Malama Rahila, mai aikin jinya.

Malama ta latsa wurin, ta sake latsawa, ta dube ni.

"Kitse ne, 'yar nan. Da shi za ki tsufa."

"Kitse?" na ce. Wallahi ko mutuwar ba ta girgiza ni haka ba.

Washegari na lallaɓa wurin Ladi neman atamfata. Ta riga ta ɗaura ta.

"Haba Yaya, ina kika taɓa jin an mayar da gado?"

Har yau duk bikin da na shiga a Tudun Wada, sai Goggo ta kaɗa 'yan kunnena ta ce, "Ku matsa, ga Marigayiya ta iso."