Yadda Ake Dawo da Ɗan Sama Jannati Gida, Yarinya Ta Ci Tuwo

'Yar'uwa, in dai kin bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba ki tsallake ko guda ba, na yi miki alkawari kafin mako ya zagayo ɗiyarki za ta koma cin tuwo har ta miƙo kwano a ƙara. Ba ji na yi ba. A gidana aka yi, nan unguwar Badariya a Birnin Kebbi.

Ga yadda abin ya faro. Na sayo wa ɗiyata Rauda, mai shekara shida, littafin wasa ƙwaƙwalwa na sararin samaniya don ta sakar mini waya. Irin mai taurarin da ake shafa wa kala, da kumbon da ake haɗa ɗigo da ɗigo har ya fito. Kafin in karɓa sai da na buɗe shi shafi-shafi a tsaye cikin kasuwa, na tabbatar babu hoton da zai ɓata tarbiyya. Kowa a ciki ya rufe jikinsa ruf, har fuska. Na ce alhamdu lillahi, ga mutanen kirki.

Abin da ban duba ba shi ne shafi na arba'in da ɗaya. A can an zana wani ɗan sama jannati tsaye kan duniyar wata, tamu duniyar tana can ƙasan shafi, tsakaninsu lunguna birjik kamar tsohuwar unguwa. An ce yaro ya bi da fensir ya nuna masa hanyar gida. Rauda ta raɗa masa suna Tamba. Hanyar kuwa ba ta ɓullewa. Duk inda aka bi, katanga.

Ran nan ta ture kwanonta ta ce, "Tamba bai ci ba, ni ma ba ni ci."

Daga nan sai biskit da ruwa, wai irin abincinsu ke nan a can. In ke ma haka ta same ki, gyara zama.

Mataki na ɗaya: Ki gwada da kanki, amma ba a gabanta ba

Ɗauki fensir ki shiga kicin ki janyo ƙofa. Uwa ba ta faɗuwa jarrabawa a gaban ɗiyarta.

Na bi ta dama, katanga. Na bi ta hagu, na faɗa wani tauraro mai zobe kamar faifai. Na goge na sake har sau goma sha ɗaya, sai da takardar ta fara laushi, miyar kuka kuma ta kama gindin tukunya. Ina da takardar shaidar koyarwa, 'yar'uwa. Da akwai hanya da na gan ta.

Mataki na biyu: Kada ki ce "ai zane ne"

Ni na faɗa, shi ya sa nake hana ki.

Na ce, "Rauda, wanga mutum zane ne, ba ya jin yunwa."

Ta dube ni irin duban da ake wa wanda ya tsallake maras lafiya a hanya. "Umma, ba ke kika ce duk wanda ya yi tahiya a yi mishi addu'a ya dawo lahiya ba?"

"Ni na ce."

"To shi ba tahiya ya yi ba?"

Da la'asar na tarar ta ɗora masa lomar tuwo kan shafin, da miya. Ki riƙe wannan: yaron da kika koya wa tausayi, a kanki zai fara gwada shi.

Mataki na uku: Ki ba maigida, amma ki ƙwace biro tukuna

Abban Rauda, wato Ja'afar, ma'aikacin gwamnati ne, kuma ya yarda babu matsalar da sa hannu ba ya kashewa. Ya dawo daga aiki, ya ji bayani, ya yi dariya ya ce, "Wanga ɗan abu ya hana ku sakat? Kawo nan."

Ya zaro biro daga aljihun gaba. Na yi tsalle na riƙe hannunsa. Abin da biro ya ɓata kilina ba ta gyarawa.

Da fensir ya tafi tiryan-tiryan kamar mai tuƙi a titin Argungu, har ya iso katanga. Ya tsaya. Ya yi tari. Ya saci kallonmu. Sai ya ɗaga fensir a hankali ya dire shi a ɗaya gefen.

"Abba ya tsallake katanga!"

"Ban tsallake ba, gada ce na yi mishi."

"Ba a tsallakewa. Ɓarawo ke tsallake katanga."

Ya ajiye fensir ya gyara hula ya ce lamarin na buƙatar nazari, a bar shi kan teburinsa. Ni na san abin da ke samun takardar da aka bari kan teburinsa. Na ɗauke littafina.

Mataki na huɗu: Ki koma wa mai littafi, don dai ki huce

A ƙasan shafin an rubuta cewa amsa na shafi na arba'in da takwas. Littafin a arba'in da shida ya ƙare.

Na hau babur ɗin kabu-kabu na koma kasuwa wurin Dikko, wanda ya sayar mini. Ya zazzage duk kwafin da yake da su, muka buɗe ɗaya-ɗaya. Tamba goma sha huɗu, kowanne a maƙale.

Na ce, "Malam Dikko, ka sayar mini da hanyar da ba ta kai mutum gida."

Ya ce, "Hajiya, ni saida littahi ni kai, ban taɓa zuwa can ba. In kina so ga na dabbobin daji, su duk suna gida."

Kada ki karɓi na dabbobin daji. Yarinyar da ta ƙi tuwo don mutum guda ba za ta manta da shi don raƙumin dawa ba. Kuma kada ki gaya mata akwai wasu goma sha huɗu. Ni ban faɗa ba, har yau ba zan faɗa ba.

Mataki na biyar: Ki kai wa manomin shinkafa

Nan ne asirin yake. Mai digiri hanya yake nema. Manomin fadama kuwa ya san ba a neman hanyar ruwa, yi mata ake.

Ran Asabar, kwana huɗu ke nan da yajin tuwo, wuyan Rauda har ya fara tsawo a idona, muka tafi Argungu gaida kakanta Baba Arzika, mahaifin maigidana. Muka same shi a zaure ya dawo daga fadama, laka har gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi jikarsa.

"Amarya, mi ya same ki kin rame? Ko ba su ba ki abinci Birnin Kebbi?"

"Tamba ne bai dawo ba."

"Wane ne kuma Tamba? Kin yi wani miji ban sani ba?"

Ta buɗe masa shafin. Ya kai shi nesa da ido, ya dawo da shi kusa. "Wanga mai tukunya bisa kai? Shi kika bar ni dominai? Ko gona ba ya da ita. Dubi inda yake tsaye, ko haki babu."

"Kai ma ba ka da haƙora."

"Ina da huɗu, kuma duk suna aiki."

Amma ya karɓi littafin. Bai taɓa fensir ba. Ya tsinko tsinken tabarma ya ce a ɗauka an sako ruwa daga wata. Ya bi da tsinken duk lungun da ruwan zai shiga, har inda zai tsaya ya kwanta. Sannan ya koma ƙasan shafi ya sako wani ruwan daga duniya, ya hauro da shi sama. Can tsakiya ruwan biyu suka zo daf da juna, siririn layi guda ne kawai ya raba su, kamar bakin fangali, wato kunyar da ke tare ruwa a gonar shinkafa.

"Ga ta nan," in ji shi. "Wanda ya ja wagga hanya ya mance bai buɗe bakin fangali ba. Sara guda ne da hauya."

Rauda ta fizge littafinta. "Ba a fasawa! Magudi ne!"

"To, amarya, ba a fasawa."

Da ta fita kallon awaki, ya danna farcensa kan layin ya bar shaida, ya turo mini littafin yana kallon wani wuri daban, don tsakanin suruki da suruka ba a haɗa baki ido cikin ido.

"Ba a fasa fangali mai gona na kallo," in ji shi. "Ni dai ban ce komai ba."

Na ce, "Allah shi ƙara girma, Baba." Ni ma ban ji komai ba.

Mataki na shida: Sabuwar reza, tsinken ashana, kwalli

Ki jira ta tafi Islamiyya. Kina da awa biyu. Ki wanke hannu, ki yi bisimilla, ki kankare layin a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ba yanka ba, kankara.

Kuma don Allah ki tabbatar layin ne. Lomar tuwon da Rauda ta ɗora ta bar tabon mai daidai wajen, shaidar farcen Baba ta ɓace a ciki. Na kankare wanda na zata. Na ɗauki fensir in gwada, ina murna, hanya ta yi ta tafiya, ta yi kwana, ta miƙe, ta kai Tamba tsakiyar ranar da aka zana a gefen shafin.

Na ce inna lillahi. Bawan Allah yana zaune lafiya da yunwarsa, na buɗe masa hanyar wuta.

Nan kwalli ya yi rana. Ki dangwala tsinken ashana ki mayar da katangar da kika rushe. Biro shuɗi zai tona ki, kwalli kuwa baƙinsa ɗaya da na masu buga littafi. Sai ki koma ki sako ruwa daga sama da ƙasa yadda Baba ya yi, ki samo layin gaskiya, ki kankare. Ki shafe wurin da bayan cokali ya kwanta. Ki mayar da littafin inda ta bar shi, a yadda ta bar shi. Yara ba su san inda takalminsu yake ba, amma sun san an taɓa musu littafi.

Mataki na bakwai: Kada ki yi ƙarya, kada kuma ki yi surutu

Da ta dawo na ce, "Rauda, sake gwadawa mana. Ba a fid da rai."

Ta zauna ko hijabi ba ta cire ba. Fensir ya gangaro, ya iso wurin, ya wuce. Ta tsaya cak. Ta kara hancinta da takardar.

"Umma, nan ya yi fari."

"Gyaran hanya aka yi."

"Wa ya gyara?"

"Waɗanda abin ya dama."

"Gwamnati?"

"Rauda, mutum na can shina jiranki."

Kin gani? Ko kalma guda ban yi ƙarya ba. Ta ja fensir, ta yi kwana biyu, ta dire shi kan duniya, ta saki ihun da ya sa maƙwabciyata leƙowa ta katanga tana tambayar ko kunama ce.

Mataki na takwas: Ki tari baƙo yadda ya kamata

Kada ki ce an gama. Wanda ya dawo daga tafiya ana yi masa sannu da zuwa. Rauda ta shimfiɗa darduma, ta jingina littafin da filo, ta sa ni da Abbanta muka zo muka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya.

Ja'afar ya durƙusa ya ce, "Malam Tamba, an dawo lahiya? Ya hanya?" Sannan ya juyo gare ni ya ce dama ya faɗa, nazari kawai lamarin ke so. Na bar masa. Aure haƙuri ne.

Na kawo tuwon shinkafa da miyar kifin da Baba ya haɗo mu da shi. Ta zuba wa baƙo nasa a murfin kwano, a gefe wannan karon. Sannan ta ci. Malmala guda, ta ƙara rabi, ta suɗe yatsu, ta cinye na baƙon tunda ya nuna kunya. Ina zaune ina ƙirga lomominta, hawaye na neman zubo mini.

Ta sha ruwa ta yi gyatsa ta ce, "Umma, hanyar ga ta gyaru ke nan har abada?"

"Har abada, ɗiyata."

"Ba ta sake toshewa?"

"Ba ta sakewa."

"To ni ma zan tahi. Tsoron rashin dawowa ne ya hana ni." Ta miƙe ta zazzage jakar makarantarta a kan darduma. "Ki dama mini fura ta hanya. Ta wane gefe ake hawa?"

Sanarwa

Abin da na yi alkawari shi ne yarinya za ta ci tuwo, kuma ta ci. Ban ce za ta ci gaba da zama a duniya ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta wayi gari ɗiyarta na auna tsayin tankin ruwa da ido, ko ta kife roba a kai tana bankwana da maƙwabta, babu hannuna, babu na Baba Arzika, wanda dama bai ce komai ba. Kada a turo mini kowa Badariya da ƙorafi. In kuma kin zo da kanki kin yi sallama ba ki ji na taso ba, ki shigo kawai. Ina tsakar gida, na kwantar da tsani ina zaune a kansa, kuma ba zan tashi ba sai ta shekara goma sha takwas.