Cindo da Tamfol ɗin Fadama

A ƙauyen Tungar Maje an yi wani mutum mai suna Cindo, ƙato ne har da gemu, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Yana zaune da gwaggonsa Tabawa, tsohuwar da ba ta yarda da kowa ba, ko gishiri ta aika a sayo sai ta lasa. Abin da suka mallaka gonar shinkafa ce guda a fadama mai nisa, ita ce cinsu na shekara. Da aka yanke, dole Cindo ya tare can ya yi gadi har a casa.

Wata rana Gwaggo ta aike shi wurin Nabuzu mai ba da hayar tanti da tamfol. Ta ce, "Mutumin nan bakinsa zuma ne. Kada ka yarda da shi, ka gwada tantin da ruwa." Cindo ya saɓi tanti ya nufi rafi, ya danna shi ciki har ya nutse. Ya jawo shi yana tsiyaya, ya ce, "Malam Nabuzu, ashe gaskiyar Gwaggo, ruwa na shiga." Nabuzu ya bi shi da sanda har bakin kasuwa.

Wata rana kuma ta mayar da shi, ta ce, "Ka ba shi haƙuri, ka zaɓo wanda ɓarawo ba zai samu ƙofar shiga ba." Cindo ya zagaya tanti, ya ga ƙofa ƙiri-ƙiri. Ya juya tamfol gaba da baya, bai ga ko taga ba. Ya naɗo tamfol. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, wannan ai ko bango ba shi da shi! Nabuzu ne ya cusa maka?" Ya ce, "Wallahi ni na zaɓa, Gwaggo." Ba ta yarda ba.

Wata rana da safe ta raka shi fadama. Ta ga maƙwabta sun kakkafa tantunansu kusa da tarin shinkafarta, ta harare su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Idanun mutanen nan ba su yi mini ba. Kada ka ɗaga daga kan shinkafar nan sai na dawo." Cindo ya haye tarin ya zauna. Sandunan kafa tamfol na can gindin kanya, ba halin ɗaukowa. Da rana ta dame shi, sai ya jawo tamfol ya lulluɓe kansa da tarin gaba ɗaya. Maƙwabta suka yi ta dariya, wani ya ce, "Cindo, kwanci kake yi? Yaushe za ka ƙyanƙyashe?"

Da la'asar hadari ya haɗu, ruwan da ba wanda ya zata ya kece. Kowa ya ruga tantinsa ya tsira da rigarsa, shinkafar maƙwabta kuwa ta sha ruwa a fili. Cindo na nan daram, nauyinsa ya danne tamfol, iska ta kasa ɗauka.

Da gari ya waye Gwaggo ta iso da laka har gwiwa. Ta cusa hannu cikin tarin har kafaɗa, ta ji shi a bushe ƙayau. Ba ta ce sannu ba. Cindo ya leƙo ya ce, "Gwaggo, in sauko?" Ta dubi maƙwabta suna shanya jiƙaƙƙiyar shinkafarsu suna satar kallon tata, ta ce, "Yanzu ne ma ba za ka sauko ba."