Ustazun da Ya Haddace Wurin Kuka

Wani ne, ɗalibin ilmi a Riyad, ya ga yarinya ya ce shi kam ya ga matar aure. Mahbuba sunanta, ƙanwar abokinsa Muzammil. Mahaifinsu ma'aikacin ofishin jakadanci ne, suna zaune a Nasiriyya. Uba ya amince, uwa ta amince. Saura ita, ita kuwa ta ce tana nazari.

Da nazarin ya yi tsawo, mutumin naka ya tare Muzammil bayan sallar Juma'a.

"Akhi, don Allah gaya mini gaskiya. Gemun ne?"

"Ba gemu ba ne. Cewa ta yi fuskarka kamar ta mai tsaron jarrabawa. Tana tsoron ba ka da tausayi."

"Ni? Ni da na taɓa ba mage ruwa?"

"Saurara. Akwai wani tsohon fim na Italiya, baƙi da fari, Abba ya zo da shi tun yana aiki a Roma. Labarin soyayya ne, ɗiyar wani mai gyaran agogo da wani matuƙin jirgin ruwa. Duk wanda ya zo neman aurenta sai ta sa a kunna masa shi a falo, tana gefe tana karantar fuskarsa. Na farko barci ya yi. Na biyu ya nemi a ɗan tsayar ya duba sakamakon ƙwallo. Ran Asabar ta sama kai ne."

"To me ake so in yi?"

"Kuka. Ko ɗigo ɗaya ne."

Ya koma ɗakinsu na haya a Manfuha, ya zayyana wa abokin zamansa Jibirilla. Jibirilla ya laluba waya, nan take ya samo fim ɗin.

"Ga shi, Shehi. Zauna mu kalla, ka san inda za ka sake shi."

Mutumin ya karɓi wayar, ya karanta bayanin da ke ƙasa, sai ya miƙa masa abinsa.

"A'a. An ce daga wasan dandali aka ɗauko shi."

"Sai aka yi yaya?"

"Ke nan wasan shi ne matani, fim ɗin sharhi ne. Ka taɓa ganin ɗalibin kirki ya bar matani ya fara da sharhi?"

"Shehi, fim fa za a kunna maka."

"Wanda ya riƙe asali ba ya ɓata."

Haka ya bi shagunan tsofaffin littattafai har ya dace da fassarar wasan da Larabci, bangon ya yi ruwan shayi. Ya zauna masa da fensir kamar yadda yake zama wa littafin fiƙihu. Ya ja layi, ya yi ta'aliƙi a gefe, ya tsara wa ya so wa, wa ya ci amanar wa. A fitowa ta ƙarshe ya samu abin da yake nema. Yarinyar na kwance ba lafiya, matuƙin ya shigo da furanni, ta ce a buɗe mata taga ta ji iskar teku, ana buɗewa ta cika. Ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta: a nan.

Saura hawaye. Ya tuna ranar da ya faɗi jarrabawar nahawu, ido bushe. Ya tuna ranar da iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa mutuwa ba a sabunta ba, shiru. Sai da ya tuno kilishin da mahaifiyarsa ta ɗaure masa aka ƙwace a filin jirgi, a nan ne ƙirjinsa ya motsa. Ya kama wannan ya riƙe. Kullum bayan La'asar sai ya ce, "Jibirilla, buɗe taga." Jibirilla ya buɗe, shi kuma ya fashe.

Rana ta uku aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinsu ne, wani dattijo ɗan Sudan, ya ji kuka ya zaci rasuwa aka yi, ya ɗaga hannuwa biyu tun daga bakin ƙofa yana cewa Fatiha, ɗansa na biye da tiren shinkafa. Jibirilla ya rasa ta inda zai fara bayani, sai ya shafa Fatiha, ya karɓi tiren.

Asabar ta zo. Mutumin ya sa farar jallabiya mai guga, ya yafa rawani a kafaɗa don share hawaye. Aka zauna a falo, shi da Muzammil a kujera ɗaya, Mahbuba a can gefe. A Riyad ta girma, Hausarta sai ta jingina da Larabci take tsayuwa. An ajiye gahawa da faranti cike da dabino.

"Ahlan, Ustaz. Ka taɓa kallon irin wannan?"

"Na ɗan yi bincike a kai."

Aka kunna. Ba a yi nisa ba ya gyara zama.

"Wannan kakar babu ita a asali."

"Wane asali?" in ji Mahbuba.

Muzammil ya taka masa ƙafa. Can aka nuno masoyan a kan keke suna gangarowa bakin teku, ya sunkuya ya raɗa wa Muzammil, "Ƙari ne. Keke ba zai gangara a dandali ba." Muzammil ya sake taka shi.

Sai aka zo tsakiyar fim, inda matuƙin zai tafi. Tashar jirgin ƙasa, ruwan sama, goge na kuka a bayan fage. Yarinyar ta bi jirgin da gudu, takalminta ya cire, ta faɗi a kan gwiwa tana kiran sunansa. Mahbuba ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Muzammil, wanda ya ga fim ɗin ya fi a ƙirga, ya hau gyaran murya yana kallon silin.

Mutumin naka kuwa hankalinsa kwance. Babu jirgin ƙasa a matani. Abin da babu shi a matani ba za a ɓata masa hawaye ba, hawayen ma da ƙyar aka tara su. Ya jawo faranti gabansa. Ya ci dabino, ya kurɓi gahawa, ya sake ci. Ya jera ƙwallayen a gefen faranti, sahu-sahu.

"Ma sha Allah," ya ce. "Wannan na Ƙasim ne ko na Madina?"

Mahbuba ta juyo da jajayen idanu ta dube shi, ta dubi ƙwallayen, ta mayar da kai.

Bai damu ba. Ya san abin da ya tanada.

Ga shi kuwa an zo. Yarinyar na kwance, fuska fayau. Matuƙin ya shigo da furanni. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna taga. Mutumin ya ajiye kofi, ya ja numfashi, ya kira kilishi. Ana taɓa tagar ya kifa fuska cikin rawani ya ɓarke.

Abin da bai sani ba, masu fim sun ga mutuwar ba za ta cika musu silima ba, sun canza ƙarshen. Iskar teku na shigowa yarinyar ta buɗe ido. Ta tashi zaune. Ta nemi abinci. Kafin ka ce me, an koma dandalin gari, ana kiɗa, an shimfiɗa tebura, mai gyaran agogo na rungumar suruki, amarya na juyi cikin farar riga.

Shi kuwa kansa na cikin rawani.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yarinya ƙarama! Ko daɗin duniya ba ta ji ba!"

"Akhi," in ji Muzammil. "Akhi, ɗago."

"Bar ni, Muzammil! Ni mutum ne mai raunin zuciya!"

Ya ƙara murya don ta isa inda Mahbuba take. Ta wuce nan, ta kai har kicin. Sai ga mahaifiyarsu, Hajiya Rekiya, ta fito a guje da ludayi a hannu.

"Subhanallahi! Waya aka yi daga gida? Wa ya rasu?"

"Ɗiyar mai gyaran agogo, Umma."

"Allahu akbar! Na Kano ko na nan?"

"Umma, ga ta can tana rawa," in ji Muzammil.

Mutumin ya ɗago. Ya share ido, ya dubi talabijin. Amarya ta cilla furanni sama. Ya dubi Muzammil, ya sake duban talabijin.

"Wannan ba daidai ba ne. Wallahi ta mutu. Ina da littafin, har shafin zan iya nunawa. Wanda ya yi fim ɗin nan ya saɓa wa asali, kuma bai yi bayanin hujjarsa ba."

Mahbuba ta ɗauki rimot ta kashe talabijin. Ta gyara mayafi a nutse.

"Ya Ustaz, bari in gane. Da suka rabu, ta faɗi a ƙasa tana kuka, kai kana cin dabino."

"Ai wancan wurin..."

"Da aka ɗaura musu aure, kai kana inna lillahi."

"Idan aka koma wa matani..."

"Khalas." Ta juya wajen yayanta. "Yaya Muzammil, ƙaro masa dabino. Rabuwa za a yi, kuma na lura da ci yake yin ta."