Rasuwar Jar Motar Tsere Mai Lamba Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jar motata ta tsere, mai lamba bakwai a ƙofa, wadda ta cika ranar Talata da yamma a kan teburin falo. Ta rasu tana da tubalan roba dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha ɗaya, saura madubin gefe guda a kammala ta.

Ga wanda bai san marigayiya ba, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Ta zo duniya a kwali, cikin ledoji goma sha huɗu, kuma ni na harhaɗa ta da hannuna tsawon wata uku, kullum bayan na taso aiki. Siffar tsofaffin motocin tseren daji ce da ita, masu fitilu huɗu a goshi, irin wadda mahaifinmu ya yi aikin canza wa taya yana saurayi. Baba ya manta sunayenmu duka yanzu saboda tsufa. Amma ranar da ya ga hotonta a jikin kwalin sai ya gyara zama, ya nuna mini inda ake sa jak. Tun daga nan, duk shigata ɗakinsa tambayarsa ɗaya ce: an gama? Na yi masa alkawarin Asabar ɗin nan.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa shan mai ba, ba ta taɓa macewa a hanya ta sa an tura ta ba. Bonet ɗinta na buɗewa, ƙofofinta na rufewa lafiya lau. Ba za mu manta da muryarta ba: ƙas, idan tubali ya zauna daidai, da ɗan ƙiƙ-ƙiƙ idan an murza sitiyari.

Wannan ƙiƙ-ƙiƙ ɗin ne ajalinta. Ranar Lahadi mijin ƙanwata ya kawo ziyara. Bakanike ne, shekara ashirin yana sana'a, kuma har yau ban ga motar da ta shiga garejinsa da ciwo ɗaya ta fito da ƙasa da uku ba. Ya murza sitiyarin, ya karkata kai kamar babban likita, ya ce, "Yaya, wannan kukan rashin mai ne." Na ce masa roba ce, ya ƙyale ta. Shigata ciki in kawo masa ruwa ke da wuya, ashe gwanin ya leƙa but ɗin motarsa ya ɗauko man birki, ya bi kowace gaɓa tata yana ɗiga mata da tsinke, ba rowa.

Kwana biyu ta yi jinya ba mu sani ba. Launinta ya dusashe, na ɗauka ƙura ce, ashe man birkin ne ke cin robar. Ranar Talata na zo sa madubin ƙarshe, ina dannawa rufin ya rufta, ƙirjinta ya dagargaje a hannuna. Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Da aka sanar da likitan nata, ta'aziyyar da ya aiko ita ce: "Amma dai kukan ya daina ko?" Ya daina, malam. Allah ya ƙara basira.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu cikin ƙoshin lafiya, da madubi maraya, da littafin umarni mai shafi ɗari uku wanda babu inda ya ambaci man birki, sai ƙanwata da ke ta faɗin ai da kyakkyawar niyya ya yi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, a ɗakin Baba. Ba a bukatar masu wanka, an riga an shafe ta da mai. Za a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki. Mijin ƙanwata ne zai ɗauki gawar shi kaɗai, ni kuma zan tsaya a bakin ƙofa. Idan Baba ya ga hoton, ya gyara zama, ya tambaya ko an gama, bakaniken ne zai ba shi amsa.