Akushin da Ya Kama Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da akushina ya kama hannun Baba Ɗanjuma ba, ko da yake shi marigayin ya yafe mini tun kafin a kwashe tabarmi.

Lokacin ina saurayi a Garwa, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, ana ta gine-gine, kowa na ji da kansa. Na fito daga lakwal, wato makarantar koyon sana'a, da takardata, na buɗe 'yar rumfa kusa da kasuwa, ina da injin juya itace wanda muke kira tur. Ka ɗaura gungume, ya yi ta juyawa, kai kuma kana fafe shi da ƙarfe har ya zama akushi. Hannuna ya faɗa, wannan kam ba yabon kai ba ne. Matsalata ɗaya ce: na gaji da akushin kaka da kakanni. Kullum baki wangale, gindi zagaye, yau shi gobe shi.

Sai na shiga farautar sabon fasali. In je bakin kogin Binuwai in tsura wa tulunan mata ido (har wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko tulun nake so ko mai tulun). In ɗauki ɗan kuka in yi ta jujjuya shi. Da na kai kaya garin Yaguwa kuwa, sai na ga rumbunan manoman can, ciki ɓul-ɓul, baki ɗan tsuku a sama. Na tsaya a rana ina kallo kamar an dasa ni. Na ce to, ga akushin da ba a taɓa yi ba.

Na dawo na sami icen ƙawo mai kyau, na fafe cikinsa, na tsuke bakin, har na lanƙwasa leɓen ya koma ciki don tururi kada ya tsere. Na goge shi da man gyaɗa yana ƙyalli. Na zura hannuna, ya shiga ya fita lafiya lau. (Hannuna kuwa a lokacin bai fi na ɗan kaɗanya kauri ba, amma wa ya tsaya wannan tunanin?)

A daidai wannan lokacin nake neman auren Ladi, 'yar Baba Ɗanjuma, babban mahauci a mayankar gari. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya kai kunnena shi ne ya ce yana shakkar yaron da ya yi boko ya ƙare a wasa da katako. Da aka yi masa jika, sai na aika da akushin a matsayin gudummawar suna, don ya ga irin wasan.

Ranar suna na rakuɓe a waje cikin samari, don mai neman aure ba ya zama inda suruki ke cin abinci, balle ya haɗa ido da shi. Amma kunnena na zaure. Na ji an shigo da akushin cike da dafaffen naman rago, na ji manya na ta yabo. Wani dillalin shanu ya ce da Fulatanci abin ya yi kyau. Na gyara zaman hulata.

Daga nan na ji muryar Baba Ɗanjuma a hankali: "Wa ya ce shi ya sassaƙa wannan abin? A kira mini shi."

Na tuɓe takalmi na shiga, kaina a ƙasa. Ga Baba a zaune a kan buzu cikin babbar riga, hannunsa na dama ya nutse cikin akushina har wuyan hannu. Hannun da ya shekara da shekaru yana kayar da bijimai, ga zoben azurfa, ga zafin romo ya ƙara kumbura shi. Ya matsa ya shiga, leɓen nan da nake taƙama da shi ya hana shi fita.

"Baba, a saki naman," na ce.

"Na sake shi tun ɗazu, ɗan nan. Shi ne bai sake ni ba."

Aka gwada man gyaɗa. Aka gwada sabulu. Aka aika cikin gida aka kawo miyar kuɓewa aka tsiyaya, ta gangara har cikin hannun riga. Labari ya kai wajen mata, na jiyo dariyar da ake dannewa a bayan zana, kuma na rantse na tsinkayi ta Ladi a ciki. Wani ƙanin Baba ya miƙe ya ce a kawo gatarin fasa ƙashi. Baba ya dube shi ya ce, "Hannun nawa ne, ba naka ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma na san icen ƙawo, gatari ba zai fasa shi ba sai ya haɗa da yatsu. Na ruga rumfa na ɗauko ƙaramin zarto. Ni da ko inuwarsa ba na takawa, sai ga ni durƙushe gwiwa da gwiwa da shi, na riƙe damtsensa, ina yanka aikin da na fi so a duniya. Gumi na ɗiga daga hancina cikin romon. Da na kusa fata sai na ajiye zarto, na sa ƙarfe a tsagar na murɗa. Akushin ya dare biyu, nama ya watse a tabarma.

Baba ya ɗaga hannun, ya motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane babu. Ni dai na riga na yi bankwana da Ladi a zuciyata, ina tattara ɓangarorin akushin don in sulale.

Sai na ji ya ce wa mutanen, "Hankalinsa da saura. Amma ni mahauci ne, na san mai hannu in na gan shi. Ya zo gab da fata ya tsaya. Ku ce wa kawunsa ya zo mu yi magana." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, in za ka sake yin rumbu, ka yi wa gero."

Har yau ina ƙirƙiro fasali iri-iri, mai kama da kwalekwale, mai kama da ganyen bado, kuma suna shiga kasuwa. Amma na koyi cewa akushi ba don ido kaɗai ake yinsa ba, akwai hannun da zai shiga, kuma ba lallai ya zama irin naka ba. Ɓarin akushin nan ɗaya yana wurin Ladi, a ciki take zuba wa kaji dusa. Duk ranar da na fara cika baki a kan wani sabon fasali, takan bar ni in gama. Sai ta dunƙule hannu ta miƙo mini, ta ce, "Malam, an auna da na Baba?"