Sandar Gilashin Abarshi

"Kifi? Ai ku kuke bin kifi cikin taɓo kamar agwagi. Mu da muka zauna da Turawa, daga tsaye muke kiransa, ya zo da kansa."

Mai wannan magana Albert Abarshi ne, a ƙofar cocinsu da ke Muciya, ran wata Lahadi a kakar 1957. Bari in gaya maka ko wane ne shi, kada ka zaci wani babban ma'aikaci ne. Gadina ne a gidan wani Baturen auduga a Samaru, wanda ake kira Mai Lofe saboda lofen tabar da ba ya barin bakinsa. Aikinsa yankan ciyawa da ba fulawa ruwa. Amma in ya hau keke ya gangaro Sabon Gari da yamma, ga fensir maƙale a kunne, sai ka rantse shi ke riƙe da Samarun gaba ɗaya. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Mu kuwa a bayan idonsa Ganga muke ce masa, saboda yawan ƙara, ciki kuwa ba komai.

Shi Mai Lofe yana da wani abin ɗebe kewa. In an tashi aiki sai ya zauna a baranda yana haɗa sandunan kamun kifi. Daga Ingila ake aiko masa da su, sirara, ba nauyi, an yi su da zaren gilashi. Shi zai ɗaura musu zobba, ya shafa musu mai sheƙi, ya naɗa gashin tsuntsu a jikin ƙugiya har ta koma kamar ƙwaro. Sannan ya fito kan ciyawa yana wulwula igiya gaba da baya don hannu ya saba. Abarshi na leƙe ta bayan shinge, almakashi a hannu. Sau ɗaya tak ya raka shi bakin ruwa ya riƙe masa jaka, kuma daga ranar ya gama sanin komai.

To, matarsa Dinatu ta haifi ɗa namiji, an yi arba'in, saura mako uku baftisma, amma har lokacin Jariri ake kiran yaron, don an kasa daidaitawa a kan suna. Mahaifin Dinatu, Baba Dogo, manomi ne kuma masunci daga wani ƙauye a bakin kogin Galma. Ya zo da jan zakara ƙato don abincin biki, ya kuma roƙi a sa wa jikansa Shekari, sunan marigayi ubansa. Abarshi ya ce sam, Cornelius za a sa, sunan da zai shiga ofis ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Baba Dogo na tsaye a ƙofar cocin nan lokacin da surukinsa ke kurin kifi. Ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa kama ko guda?"

"Baba, kamu irin naku na ƙarfi ne. Namu na ilmi ne. Sandar gilashi zan haɗa da hannuna, ran jajibirin biki in je Galma in ciko kwando. Duk wanda ya zo baftisma kifina zai ci."

"In bai samu ba fa?"

Abarshi ya waiwaya ya ga mutane sun taru, kai ya ƙara kumbura. "In bai samu ba, a sa wa yaron sunan da kake so. In ya samu, Cornelius ne, ba ƙarin magana."

"Jama'a kun ji," in ji Baba Dogo, ya saɓa sandarsa ya kama hanyar ƙauye.

Washegari aiki ya fara. Injiniya ya zauna ya yi lissafi: sandar Bature gilashi ce, kwalba ma gilashi ce, ashe abin ba wuya. Ya bi bayan otal-otal na Sabon Gari ya tsinto kwalabe rabin buhu. Da Dinatu ta tafi kasuwa, ya jawo turminta ya zuba, ya shiga daka. Ta dawo ta tarar da tsakar gida na walƙiya, kaji sun haye katanga.

"Baban yaro! Me nake gani haka?"

"Baban Cornelius za ki ce. Garin gilashi nake yi."

"A turmin da nake daka hatsi? So kake mu ci tuwo mu yi aman jini?"

"Ke dai ba ki san kimiyya ba. A ɗauraye shi, shi ke nan."

An ɗauraye sau bakwai, turmi na nan na ƙyalli. Tun daga ranar Dinatu ta koma aron turmin maƙwabta, tana tafe tana ƙunƙuni.

Saura sanda. Abarshi ya lura ta Bature ba ta da nauyi, ya ce ai sirrin ke nan, don haka ya zaɓo karan dawa uku, dogaye. Ya kwasa sai rumfar Bamidele, mai gyaran keke a bakin kasuwa, ya ce a yanka masa bututun tsohon famfon keke a haɗa karan, a lanƙwasa wayar ƙafar keke a yi zobba. Bamidele ya juya karan, ya dube shi.

"Oga Injiniya, wannan kara ne fa. Na dawa."

"Yanzu kara ne. In ya sha gilashi ba za ka gane shi ba."

"Da me za ka manna gilashin?"

"Ƙaro. Na jiƙa kwano guda."

"Haba Oga! Ƙaro da ruwa ba sa shiri. Yana taɓa ruwa za ta narke, ni na gaya maka."

"Bamidele, kai facin taya ka sani. Yi abin da aka sa ka."

Bamidele ya yi, yana yi yana girgiza kai. Abarshi ya dama garin kwalba da ƙaro, ya shafe karan tas, ya shanya a kan rufi kwana uku. Gaskiya ta yi kyau. In rana ta haska ta, har daga titi ana hangowa. Aibinta ɗaya, ba ta riƙuwa. Yana kama ta yatsu huɗu suka tsage. Bai karaya ba, ya ce ai Bature ma safar hannu yake sawa, ya ɗauko safar ƙafarsa ta zuwa coci ya zura hannuwa ciki.

Sai ƙwaro. Na Mai Lofe jan gashi ne, kuma duk Muciya ba jan gashi kamar na zakaran Baba Dogo da ke ɗaure a gindin gwanda. Abarshi ya ce ɗan kaɗan zai tsinka. Ƙwaron farko ya warware, na biyu ya yi kama da tsintsiya, na uku iska ta tafi da shi. Kafin ya sami wanda ya gamsu da shi, zakara ya koma tsirara daga wuya har wutsiya. Dabbar Allah ta tsinke igiya ta haura katanga, ba a sake ganinta ba. Yanzu kam ba turmi, ba zakara, kuma baƙi sun fi hamsin da aka gayyata. Dinatu ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka na gaske, don ita za ta kalli idon mutane in tukunya ta zo wayam.

"Share hawayenki," in ji maigida. "Zakara ai abincin ƙauye ne."

Ran Asabar da hantsi aka ɗunguma zuwa Galma. Rabin coci sun biyo baya, Bamidele ma ya rufe rumfa. Dinatu ta goyo Jariri, ta ɗauko kwandon da za a cika. Baba Dogo na jira a bakin ruwa da homarsa, wato babbar komar nan mai bakin itace, da gorar zuba kifi. Abarshi ya fito cikin tsohuwar hular Mai Lofe da dogayen takalman roba da Baturen ya yar, ƙafa ɗaya za ta ɗauki nasa biyu.

"Ku matsa baya," ya ce. "Wannan aiki yana son fili."

Ya shiga ruwa har gwiwa, ya fara wulwulawa yadda ya gani a kan ciyawa. Gaba, baya, gaba, baya. A na huɗu kan sandar ya fice daga bututu, ya tashi sama yana walƙiya, ya faɗa tsakiyar kogi.

"Da gangan ne," in ji shi. "Ana rage tsawo in ruwa ya yi faɗi."

Ya janyo igiya, ya ci gaba da guntu biyu. Ƙwaro ya sauka kan ruwa yana shawagi. Aka yi ta jira. Baba Dogo ya yi gyaran murya.

"Ɗan nan, kifin wurin nan tarwaɗa ce. Tana can ƙasa cikin laka, ba ta duban sama. Kuma tun da nake ban ga ta ci gashin kaza ba."

"Baba, ba a taɓa ba ta ba ne."

Tsoho ya naɗe wando, ya gangara ƙasa kaɗan da homarsa, ya bar suruki da iliminsa.

Can sai igiya ta motsa. Abarshi ya ƙwala ihu, "Cornelius!" Ya fizgo da ƙarfi, sai ga ƙaton kwaɗo na reto, ya miƙe ƙafafu. Dariya ta ɓarke har wasu na zama ƙasa. Injiniya ko a jikinsa. Ya zare fensir daga kunne, ya auna kwaɗon da shi a tsanake, ya ɗaga murya.

"Ku koya! Dokar Bature ce: duk abin da ka kama, ka auna. In bai isa ci ba, ka mayar da shi ruwa ya ƙara girma."

Ya saki kwaɗo, ya mayar da fensir kunne, ya sunkuya ya ɗauraye hannu, sanda ta nutse tare da shi. Da ya ɗago ta, abin da Bamidele ya faɗa ya tabbata. Ƙaro ya jiƙe, gilashi ya sulale yana gangarowa ta safa zuwa cikin hannun riga. Abin da ya rage a hannunsa karan dawa ne jiƙaƙƙe, ya sunkuyar da kai.

"Oga, gilashin ta tafi!" in ji Bamidele daga tudu.

"Manyan suna can ciki!" Abarshi ya amsa, zufa na keto masa, ya ƙara gaba. Taku ɗaya, ruwa a cinya. Taku biyu, ruwa ya kwarara cikin takalma, suka cika suka yi nauyi kamar an ɗaura masa duwatsu. Taku na uku babu ƙasa. Hula ta yi gabas, kara ya yi yamma, Injiniya ya bi ruwa yana shan na Galma yana kiran, "Baba! Baba Dogo! Don Allah!"

Ruwan kuwa ya kai shi daidai inda tsohon yake. Baba Dogo ya tara homa, suruki ya faɗa ciki da kai, maza uku suka taimaka aka ja shi tudu. Aka zazzage shi a kan yashi, kusa da tarwaɗa goma sha biyu manya da tsohon ya riga ya kama. Dinatu ta ga mijinta na numfashi, ta ga kifin biki, ta sauke ajiyar zuciya.

Baba Dogo ya durƙusa. Ya zare fensirin da har yanzu ke maƙale a kunnen Abarshi, ya shiga auna shi daga kai har ƙafa, a tsanake, yana ƙirgawa. Da ya gama ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Dinatu, kin ji dokar Bature. Wannan fa, a tafi da shi ko a mayar?"

Dinatu ta kwashe tarwaɗa ta cika kwando, ta gyara goyo, ta dubi mijinta sama da ƙasa.

"Bai isa ci ba kam, Baba. Amma bar shi, shi zai ɗauki kwandon. Tashi mu je gida, Baban Shekari."